«Ga iyalina»: sharhi a kan wani darasin karatu da muka gwada a Ɗan Isa

0. Gabatarwa

A ƙarshen watan Maris na 2025, kundin da ake kira «Charte de la refondation» ya ba hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mai da faransanci da ingilishi harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki (akwai masu ƙorafi daga cikin masu magana da sauran harsunan ƙasar, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne), ana iya sa ran za a ƙara rubuta littattafan karatu da hausa, kuma cikin gaggawa. Mai gaggawa kuwa ba ya zama ya ƙirƙira, fassara yake yi.

Koyar da yara da harshen gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, a 1999 kuma aka tsai da ƙa'idojin rubutu. Watau maganar baƙaƙe da wasula an kashe ta. Abin da ya rage shi ne abin da ake zubawa cikin jimlolin, kuma a kansa wannan ɗan nazari zai tsaya. Wata ƙungiya ta ba mu daftarin littafin karatu na aji biyu don mu duba shi kafin a gwada shi a wasu makarantun yankin Madarunfa. Darasi guda daga ciki muka zaɓa, mai suna «Gidanmu».

1. Darasin da asalinsa

Ga jimlolin kamar yadda suke a daftarin:

(1) Ga iyalina: babana, mamata, ƙanwata da ni.
(2) Muna da kare, sunansa Bobi. Bobi yana kwana a ɗakina.
(3) Fati abokiyata ce.
(4) Ran Lahadi ba mu aiki. Muna kashe lokaci da wasa da ziyarar kaka.

Sai mu fara da yabo, don akwai abin yabo. Rubutun ba shi da aibi: ƙugiyoyi na wurinsu, an raba kalmomi daidai, jimlolin gajeru ne. Manufar darasin ita ce yaro ya bambanta k da ƙ, shi ya sa aka tara kare, kaka, kwana, ƙanwa. Babu kalma ɗaya a ciki da ba hausa ba ce. Ta fuskar nahawu ma, babu jimlar da za a sa wa alamar kuskure.

Mun tafi da takardar Ɗan Isa (a takardun hukuma «Dan Issa»), garin kan iyaka da ke bisa hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, inda dangin mahaifiyarmu suke. Bayan la'asar muka tara yaran gidan kawunmu da na maƙwabta, muka karanta musu. Ba mu kai ƙarshen jimla ta farko ba dariya ta ɓarke. Wata gwaggonmu da ke tsintar wake a gefe ta ɗaga kai ta ce: «Kai malam, yaron nan har an yi masa aure?» Da muka kai ta biyu kuwa sai ta ajiye faifan: «Shi da kare a ɗaki? To ina uwarsa?»

Masu rubutun ba su ƙirƙiro wannan tsari ba, gado suka ci. Jerin «la famille, les amis, les animaux de compagnie, les loisirs» shi ne matakin farko a kusan kowane littafin koyon faransanci na zamani. Saiwarsa tana cikin ayyukan Majalisar Turai, daga Un niveau-seuil na 1976 har zuwa Cadre européen commun na 2001, waɗanda aka tsara don baligin Bature mai koyon harshen maƙwabcinsa. A wurinsa jerin ya dace. Abin mamaki shi ne André Davesne, wanda ya rubuta Mamadou et Bineta don makarantun mulkin mallaka, ya fi wannan daftari kula da yanayin ɗan ƙauye, ko da yake da faransanci ya rubuta, kuma da manufar da muka sani.

2. Wa ke da iyali?

Kalmar iyali aro ce daga larabci, ʿiyāl, watau waɗanda mutum ke ɗauke da nauyin ci da su. Hausa ta riƙe wannan ma'ana da kyau. Kalma ce mai kallo daga sama zuwa ƙasa: magidanci ke da iyali, har ma idan ya ce «iyalina ba ta da lafiya», kowa ya san matarsa yake nufi, yana kauce wa faɗin sunanta. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi da iyali, shi ne iyalin. Faransanci «famille» ba ta da wannan alkibla, kowa na ciki yana iya cewa «ma famille». Gaskiya ne rediyo da ma'aikatan lafiya sun faɗaɗa kalmar, suna cewa «tsarin iyali», «iyalai dubu». Amma ko a nan, daga wajen mai gida ko daga wajen hukuma ake kallo, ba daga bakin yaro ba.

Yaro cewa yake yi «gidanmu», «ƴan gidanmu», «mutanen gidanmu». A lura da wakilin sunan mallaka: jam'i ne. «Babana» ba kuskure ba ne, amma «babanmu» ya fi yawa a bakin yara, haka «innarmu», wadda a karin harshen yankin ake furtawa «innammu». «Ɗakina» kuwa, a jimla ta (2), magana ce ta saurayin da aka ware wa ɗaki a bakin zaure, ko ta matar aure. Ga ƙaramin yaro ɗaki na uwa ne, kuma «ƴan ɗakinmu» na nufin waɗanda suka fito ciki ɗaya a gidan da ke da mata fiye da ɗaya. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin zaman gida, har harshe ya gina kalmomi biyu a kansa: ɗan'uwa, wanda ya zama sunan kowane makusanci, da ɗan'uba, wanda ya haifi ƴan'ubanci, watau gasa da kishi. Mutum huɗu na jimla ta (1) ba su bar wa ko ɗaya daga cikin waɗannan wuri ba. Ba su bar wa kawu da baffa da gwaggo ba (dukansu ukun aro ne daga fulatanci, shaidar daɗewar cuɗanya), balle yaron da ake riƙo, wanda a ajin ƙauye ba a rasa irinsa.

Akwai kuma abin da hoton darasin ya ƙara. An zana uwa tana kiran ɗanta na fari da sunansa, baki buɗe, a gaban mijinta. A gidaje da yawa har yau uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma yaron da ya ci sunan kakansa ana sakaya shi da Abba ko Baba. Ba mu ce dole littafi ya koyar da alkunya ba. Muna cewa kawai wanda ya zana hoton bai san ya taka wani abu ba.

3. Aboki

«Ami» da «aimer» tushensu ɗaya ne, ƙauna. Aboki ba haka take ba, tushenta tarayya cikin wani abu, shi ya sa take son a faɗi abin: abokin tafiya, abokin ciniki, abokin aiki, abokin shawara. Har wanda ake gaba da shi abokin gaba ne, kishiya kuma, idan ana son a tausasa, abokiyar zama ce. Idan ana nufin na zuciya, wanda ake ba amana, sai a ce amini. Tsakanin mata kuwa kalmar ita ce ƙawa. Saboda haka jimla ta (3), a bakin ɗa namiji, manya za su ji ta da wata ma'ana, yaran da muka karanta wa ma sun ji ta, don sun yi ta zunɗen juna.

Babban kuskuren daftarin a nan shi ne ɗaukar abota a matsayin abin da ake yi bayan an gama da wajibai. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta buga a 1954, ya san ƙawance alkawari ne mai ƙa'ida, da kyauta da ramuwa. Kusa da mu, Claude Raynaut ya yi bincikensa a Sumarana cikin kwarin Gulbin Maraɗi, kuma sunan littafinsa na 1972 kansa ya ɗora dangantakar da mutum ya zaɓa kafaɗa da kafaɗa da wadda ya gada. Guy Nicolas a 1986 da Barbara Cooper a 1997 sun nuna yadda gudummawar biki take bashi ce da ake tunawa, ake mayarwa da ƙari. Mace da ba ta da ƙawaye, ran sunan ɗanta za a gani. A garin kan iyaka irin Ɗan Isa abin ya wuce biki. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, mai amini a Jibiya ko Katsina da wanda ba shi da shi ba su sha wahala iri ɗaya ba.

To, a wane gida na jerin nan huɗu za a sa taubashi? Ɗan gwaggo ne ko ɗan kawu, saboda haka dangi ne. Abokin wasa ne, saboda haka aboki ne. Tsokanar da ke tsakaninsu, da kuɗin shara da ake karɓa cikin watan cika-ciki, nishaɗi ne, amma nishaɗin da ba a da ikon ƙi. Haka wasan kaka da jika, haka na Fulani da Barebari. UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014, ana yi mata bukukuwa da jawabai, amma ba ta sami layi ɗaya a darasin da ake kira «Gidanmu» ba.

4. Bobi

A nan ne muka fi daɗewa da mutanen gida, don a nan gardama ta fi zafi. Ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe ba ya ajiye kare. Mafarauta na da su, suna ji da su, suna ba su suna. Masu garke na da su, kuma tun da satar dabbobi ta yi ƙamari a wannan yanki na kan iyaka, haushin kare da dare ya ƙara daraja. A mazhabar Malikiyya ma ba a ɗauki jikin kare mai rai najasa ba. Sai dai Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure tun ƙarnoni, ta iyakance ajiye shi ga tsaron shuka da dabbobi da farautar neman abinci, ta cire farautar wasa. Ke nan kare na da aiki, yana da wuri, wurin kuwa ba shimfiɗar yaro ba ce. Malamin da zai karanta jimla ta (2) a gaban yara, gobe zai amsa tambayar iyayensu, a garin da har yanzu wasu ke ɗari-ɗari da lakwal. Wannan ba ƙaramin farashi ba ne don a sami kalma mai k.

An tambaye mu yadda za a fassara «animal de compagnie». Mun duba, ba mu ga kalma guda da ta yi daidai ba. «Dabbar gida» ta haɗa da akuya da jaki. «Dabbar sha'awa» ta fi dacewa da dawisu ko aku na gidan mai hali. Wasu abokan aiki na ganin wannan giɓi ne da ya kamata a cike da ƙirƙira. Mu ba mu ga giɓi ba. Kalmar faransanci ta tsaya ne a kan rabuwa tsakanin dabbar da ake amfana da ita da dabbar da ake ƙauna, wadda ba a ci, ba a sayarwa. Hausa ba ta yanka a wannan gaɓa ba. Tana da kiwo, wanda ya game duka, tana kuma da sabo, wanda ke iya shiga tsakanin mutum da kowace dabba.

A dubi ragon layya. Watanni yana turke a tsakar gida, yaro ne ke kai masa harawa da dusa da ruwan tsari, yana wanke shi, ragon na bin sa har bakin zaure. Ran salla a yanka shi, yaron ya ɓuya bayan rumbu ya yi kuka, da yamma kuma ya ci soye. Babu wanda ke ganin saɓani a nan, manya dai su yi murmushi su ce sabo turken wawa. A dubi jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje: a mafi yawan gidaje ta mace ce, ita ce asusunta, ita ce nonon yaranta, kuma ta san muryar mai ita. Sau da yawa dukiyar yaro ta farko kaza ce da kaka ta ba shi, a tara ƴan tsaki a sayar a sayi ƴar akuya. Doki kuwa, harshen da ya ware akawal da kili da danda da bidi ba za a ce bai kalli dabba da idon sha'awa ba.

Abin da ya fi kusa da nufin masu daftarin yana nan bisa kansu ba su gani ba: tantabara. Yaran gidan da muka sauka sun jera tsofaffin tukwane da gwangwanaye a jikin katanga, sun san kowace da abokin zamanta, suna musanya da yaran wata unguwa, suna gardamar wadda ta fi tashi. Babu wanda ya sa su. Duk da haka, in an matsu a sayar da biyu a sayi kaye da alƙalami, in an yi maras lafiya a yi masa romo da ɗaya. Akwai kuma kyanwa, wadda ba mai korar ta daga ɗaki, ko da yake a nan mussa ake ce mata. Wannan ya tayar da tsohuwar tambayar nan ta daidaitacciyar hausa da karin harshe a ajin farko, wadda ba za mu buɗe a nan ba.

5. «Kashe lokaci»

«Loisir» ta fito daga latin licere, abin da aka yarje wa mutum. Ma'anarta ta yau ƴar albashi ce: sai da aka sami awowin aiki ƙayyadaddu, da hutun da ake biya wanda Faransa ta kafa a 1936, sannan Joffre Dumazedier ya iya tambaya a 1962 ko ana shiga zamanin «loisir». Manomin Ɗan Isa ba da Lahadi yake raba lokacinsa ba. Yana raba shi da damina da kaka da rani, da ranar kasuwa da Juma'a, da kwanakin gandu da na gamana, inda wannan tsari bai watse ba. Langa da kokawa da farauta na bayan girbi ne, dara ta inuwar rani ce, tatsuniya ta dare ce. Kokawar da ake yi wa gasar takobi ta ƙasa tun 1975 daga wannan fili ta fito.

«Kashe lokaci» fassara ce kalma da kalma, kuma kunnen Bahaushe na jin ta kusa da zaman kashe wando, wanda zargi ne. Samarin fada, waɗanda Adeline Masquelier ta yi littafi a kansu a 2019, da wannan zargi ake jifar su kullum. Saƙar faifai da kitso da ɗinkin hula, da Bafaranshe zai sa cikin «loisirs», sana'a ce. Ziyarar kaka kuwa, sa ta cikin abin kashe lokaci shi ne ya fi ɓata wa gwaggonmu rai, fiye ma da karen. Zumunta a ƙafa take, in ji ta, kuma wanda bai je ba an rubuta.

6. Wata suka da aka yi mana

Da muka gabatar da waɗannan abubuwa a sashe, wani abokin aiki ya ce aikin makaranta shi ne ta buɗe wa yaro taga, ba ta riƙa nuna masa abin da ya riga ya sani ba. Ya ƙara da cewa a Yamai akwai gidajen ma'aikata masu ƴaƴa biyu da kare, su ma Hausawa ne. Ya kuma zarge mu da son mai da littafi gidan ajiye kayan tarihi.

Sukar ta ƙarshe muna ɗaukar ta da gaske. Ɗan Isa ta yau ba Sumarana ta zamanin Raynaut ba ce. Gandu ya rarrabu a gidaje da yawa. Samari na kallon ƙwallon Turai da finafinan Kano a wayar hannu. A 2021 haƙar zinariya ta kwashe matasa daga gonaki, kuma ruftawar rami a watan Nuwamba na shekarar ta kashe mutum 18 a ƙalla. Darasin da zai nuna ƙauye mai gaɗa da farin wata kawai, shi ma ƙarya ce, irin wadda ta fi daɗin ji. Game da taga kuwa, ba mu ƙi ba. A aji huɗu a kawo darasi a ce ga yadda yaro ke zaune a Liyon ko a wata unguwar Yamai, da karensa da ɗakinsa, yara za su so shi. Amma a kira shi da sunansa. Abin da muka ƙi shi ne a sa wa wannan hoto suna «Gidanmu», a sa yaro ya maimaita shi da wakilin suna na mutum na farko, a shekarar da yake gano cewa maganar bakinsa ma ana iya rubuta ta. Duk hujjar koyarwa da harshen gida ita ce yaro ya dogara da abin da ya sani don ya kai ga baƙi. Idan sai an fassara masa ma'anar jimlar hausa kamar yadda ake fassara masa ta faransanci, an yi asarar rabin ribar.

Mun ba ƙungiyar wannan madadi, wanda ya riƙe k da ƙ ɗin da ake nema:

(5) Ga gidanmu. Ga babanmu, ga innarmu, ga kaka a ƙofar ɗaki.
(6) Kaka ta ba ni kaza. Kazata ta yi ƙwai.
(7) Karen kawu yana gadin garke. Ba ya shiga ɗaki.
(8) Ƙanwata da ƙawarta suna carafke, mu muna ƙwallo.

Ba cikakke ba ne. Jimla ta (5) har yanzu ta ɗauka uba na gida, alhali a rani da yawa sun tafi ci-rani, kuma ba mu sami hanyar shigar da taubashi cikin kalmomin da ɗan aji biyu zai iya haɗawa ba. Da muka sake karanta wa yaran, babu wanda ya yi dariya, sai wata yarinya da ta ce kakarsu ba ta ba da kaza sai ta gama tsokana. Ƙungiyar ta karɓi (5) da (6) da (8). Game da (7), an rubuto mana cewa Bobi zai zauna yadda yake, don an riga an zana hotonsa a kan gadon yaron, an kuma biya mai zanen.